Hotunan Baba Marasa Suna

Shafi na 14

Masu damuna da saƙo wai na ajiye su a ƙofar shagon Injiniya na kama gabana, ku yi haƙuri, ga shi na tura muku ƙofar. Ke kuma da kika ce in Auta ya shiga hannunki sai kin ja masa kunne, ki ɗan dakata ki ji ta bakinsa tukuna.

*

Kwana uku cur laftof ɗin Yaya ta yi a shagon Injiniya mai gyaran kwamfuta kafin a kira ta. Da ta tashi zuwa ba ta sami wanda za ta bar wa Baba ba, dole ta riƙo hannunsa suka taho, ƙaninta Auta na biye da su a baya jiki a sanyaye.

Ta zaunar da tsohon a kan bencin bakin ƙofa. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya zuba wa bango ido. Yau kwana tara ke nan bai ce uffan ba, tun ranar da kwamfutar ta lalace.

Wata takwas rabon da ya gane ta. Malama yake ce mata, kamar wata baƙuwa da ta zo ɗaukar hoto. Kullum da safe sai ta durƙusa a gabansa ta ware idanu ta ce, "Baba, dube ni da kyau." Ya dube ta, ya gaishe ta da mutunci, shi ke nan. Abu ɗaya ne ya rage da ke buɗe masa baki, hotunan da ya ɗauka a shekara arba'in da ya yi yana sana'ar hoto. Shekara uku Yaya ta kwashe tana yi musu sikanin, wato kwafe su cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, bi da bi kamar yadda ya jera su, yana faɗa mata lamba da mai hoton tana rubutawa, tun kansa na daidai. Na takardar kuwa ruwan famfon da ya fashe a ɗakin ajiya ya gama da su bara. Abin da ya rage a duniya yana cikin wannan laftof ɗin, ba ta da kwafi a ko'ina. Wannan sakacin nata ne, ta kuma sani, yana cin ta a rai.

Injiniya mace ce gajeruwa, ba ta da yawan magana, tabarau a saman goshi. Ta riga ta ciro had-dis ɗin, wato faifan da kwamfuta ke ajiye komai a cikinsa, ta kwantar da shi a kan wani tsumma mai laushi. Ɗan abu ne bai fi tafin hannu ba. Yaya ta tsaya tana kallonsa, tana mamakin wai mutum dubu goma sha ɗaya da ɗoriya suna kwance a cikin wannan.

Injiniya ta yi musu bayani ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce faifan da ya fara ƙara kamar agogo mara lafiya ne, ba a sa shi aiki, lallaɓa shi ake yi. Ita ba ta taɓa komai a cikinsa ba. Kwashe shi take yi zuwa wani lafiyayye, ta fara da inda ke karantuwa da sauƙi, in ta zo wurin da ya ƙi sai ta tsallake. A haka ta kwashe kashi casa'in da bakwai cikin ɗari.

Yaya ta sauke ajiyar zuciya.

Injiniya ta ce kada ta yi saurin murna. Sai a lokacin ta ɗago, kuma ba Yaya ta kalla ba.

"Kai ne ka ce kwamfutar da kanta ta yi gyaran?"

Auta, ƙaton mutum da gemunsa da 'ya'yansa biyu, ya hau sosa ƙeya. Ya ce eh, ai rubutu ne ya fito a fuskarta wai an ga matsala, a bincika a gyara, shi kuma ya ɗauka taimako ne.

"Sau nawa ka danna?"

"Sau ɗaya."

"Sau uku," in ji Injiniya. "Ita kwamfuta ba ta iya rufa wa mutum asiri ba. Tana rubuta ranar da lokacin."

Ta juya ga Yaya ta ce mata wannan gyaran da ake gani, rajistar gidan yake daidaitawa, bai damu da mutanen da ke cikin ɗakuna ba. Duk fayil ɗin da ya ga bai gane hanyarsa ba, sai ya yanke shi daga foldarsa, ya cire masa suna, ya jefa shi wuri guda. A lafiyayyen faifai abu ne mai amfani. A wanda ke gargara kuwa, kamar a sa mai ciwon ƙirji ya share gida ne tun safe har yamma. Garin neman gira an rasa ido.

Amma ba wannan ne ya fi ɗaure mata kai ba. Ta ce lalacewar ba a warwatse take ba, wuri ɗaya ta taru. Akwai wata 'yar folda da wani ya yi ta ƙoƙarin buɗewa, ya fi sau talatin, kafin gyaran da bayansa, har wurin ya goge. Kashi ukun da suka ƙi fitowa, a nan suke.

Ita Yaya ta san kowace folda a kwamfutar nan kamar yunwar cikinta.

"Auta, wace folda ce?"

Auta ya kau da kai.

"Da kai nake."

Ya waiwaya ya dubi Baba a kan benci, ya dawo da kansa ƙasa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce shekara biyu da suka wuce, wata rana tana wurin aiki, Baba ya kira shi ya miƙa masa wani ɗan ambulan. Hoto ɗaya ne a ciki. Ya ce ya yi masa sikanin ya ɓoye a inda ba za ta gani ba, ya mayar da na takardar cikin kwali. A lokacin mantuwar ta fara taɓa Baba, shi ma ya san inda aka dosa.

"Ya ce duk ranar da na ga ya daina gane ki, in ba ki, ki nuna masa."

Yaya ta dafa tebur.

"Wata takwas, Auta. Wata takwas kana kallona ina durƙusawa a gabansa."

"Wallahi Yaya kullum sai in ce gobe zai tashi ya gane ki da kansa. In na ba ki, kamar na yarda ke nan ya tafi."

Ya ce ranar da ya ga ta fito daga ɗakin Baba tana share fuska da gefen mayafi, ranar ya yanke shawara. Ya ɗauki laftof ɗin, foldar ta ƙi buɗuwa, faifan ya fara ƙas, ƙas. Ya rikice. Sauran kuma ta ji.

Ta so ta yi masa tas. Maganganun ma sun zo har maƙogwaronta. Sai ta ga gemunsa ya jiƙe, ta tuna ita ma sau nawa ta ce gobe za ta sayi abin da za ta yi kwafi. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta tambaye shi me ke cikin hoton. Ya ce ita ce, tana yarinya.

Injiniya ta jira suka lafa, sannan ta juyo da babban sikirin ɗinta ta ce su zo su ga abin da aka samu.

Hotunan suna nan, reras, fuska bayan fuska. Amma ƙarƙashin kowanne ba komai sai lambar banza da na'ura ta liƙa masa, kuma a cakuɗe suke, na shekarar farko kusa da na ƙarshe. Rubutun shekara uku ya tafi. Yaya ta kalli wani mutum mai faffaɗan kwala tsaye kusa da tukunyar fure, ta tabbata ta taɓa rubuta ko wane ne, amma ko za a yanka ta ba za ta tuna ba.

"Dubu biyu da ɗari da goma sha shida."

Daga bayansu muryar ta fito. A dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Su ukun suka waiwaya. Baba ne tsaye, ba wanda ya ji tasowarsa. Idonsa na kan sikirin.

"Direban motar asibiti ne," ya ce. "Rigar ta aro ce. Ku dubi hannun, ya yi masa tsawo, shi ya sa na ce ya sa shi a aljihu."

Tsigar jikin Yaya ta tashi. Ta kasa ko motsi, tana tsoron in ta yi numfashi da ƙarfi abin zai katse. Injiniya ce ta yi dabara, ta jawo kujerarta a hankali ta tura masa. Ya zauna kamar shagonsa ne. Ta danna na gaba.

"Dubu tara da arba'in. Matar mai gidan burodi. Sau huɗu na ɗauka, tana ta dariya."

Na gaba.

"Ɗari uku da bakwai. Dogo mai gyaran rediyo. Kansa ya fi labulen, sai da na zaunar da shi."

Na gaba. Na gaba kuma.

Mutumin da bai san ko ya karya da safe ba, mutumin da ke tambayar hanyar banɗaki a gidan da ya gina da kuɗinsa, shi ne ke zuba lambobi ba ko gargada. Wannan tagwaye ne, na hagun ya ciji yatsansa. Wannan ango ne, takalmin ya matse shi. Wannan ba ta dawo karɓa ba. Muryarsa na washewa, bayansa na miƙewa, har ya fara ɗaga yatsa yana gyara wa mutanen cikin sikirin zama.

Yaya ta hangi Injiniya ta jawo takarda tana rubuta duk lambar da ya faɗa. Da suka kai arba'in sai ta ce su ɗan ba ta minti biyu. Ta ce kowane hoto yana ɗauke da wani ɓoyayyen rubutu a cikinsa, na rana da sa'ar da aka yi masa sikanin, kuma gyaran bai taɓa wannan ba. Tunda Yaya bi da bi ta yi aikin, in ta jera arba'in ɗin nan bisa lokaci, lambobin tsohon ya kamata su hau daga ƙarama zuwa babba. In kuwa kame-kame yake yi, yanzu za a gani.

Ta jera. Ta ɗauki biro tana bi, tana duba takarda tana duba sikirin. Ɗaya, biyu, goma, ashirin.

Da ta kai ƙarshe ta ajiye biron. Ta cire tabaran daga goshinta ta riƙe a hannu.

"Ko ɗaya bai kauce ba."

Ta daɗe tana kallon furfurar Baba. Ta ce shekararta goma sha tara tana wannan aiki, ta ga faifan da ya sha ruwa ya tashi, ta ga wanda mota ta taka ya ba da abin cikinsa, amma ba ta taɓa ganin rajistar da ta ɓace a na'ura an same ta a kan mutum ba. Ta faɗi haka a hankali, kamar mai magana a gaban manya. Auta kuwa sai tasbihi yake yi.

Ita kuwa Yaya sai ta dubi Baba. Ashe duk suna nan. Wata takwas tana ganin kan mahaifinta kamar gidan da aka kwashe kaya, ashe mutum dubu goma sha ɗaya na zaune a ciki, kowa da lambarsa da rigarsa ta aro. Ikon Allah ya cika mata ƙirji har ta ji tsoro. Sai kuma wani abu ya soke ta a ƙasan wannan mamakin: duk wannan taron, ita ce kawai ba ta sami wurin zama ba.

Injiniya ta sake dannawa.

Wata yarinya ce 'yar shekara shida, da jakar makaranta, ta ƙame kamar soja. Idanunta a rufe ruf.

Baba ya yi dariya. Dariya sosai, har da buga gwiwa, irin wadda aka manta da ita a gidan.

"Rufe-ido ke nan," ya ce. "'Yata ce. Wannan yarinya ta cinye mini fim ya fi a ƙirga. Kafin in danna ta riga ta rufe. In ce mata ɗaya, biyu, ta rufe a biyu. In ƙi ƙirgawa, ta rufe tun ina ɗaga kyamara."

Rabon Yaya da jin wannan sunan a bakinsa har ta fid da rai. Ta matso, ta durƙusa kusa da kujerar, ta ware masa idanu kamar kullum.

Ya dube ta da fara'a.

"Malama, ko kin san inda take? Ta daɗe ba ta leƙo ni ba."



Bai jira amsa ba. Ya ce a duk hotunanta guda ɗaya tak ya samu da ido a buɗe. Ranar da aka kawo ƙaninta daga asibiti, an ɗora mata shi a cinya, ta shagala da kallonsa ta manta da kyamara, ya kira ta ta ɗago, ya ɗauka. Bai ba shi lamba ba, don ba na shago ba ne. Ya ce a nuna masa wannan.

Auta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza.

Yaya ta dubi Injiniya. Injiniya ta dubi ɗan faifan da ke kan tsumma.

Ta ce gaskiya ɗaya ce. Za ta iya komawa wurin da ya goge ta bi shi sannu-sannu, amma allurar da ke karanta faifan ta gaji, da ƙyar take tashi. Wataƙila ta ba su hoton, wataƙila ta ba su rabi, wataƙila ta tsaya gaba ɗaya, kuma in ta tsaya ta tsaya ke nan a wannan shagon. Akwai masu ɗaki na musamman da ke buɗe faifai su canza allura, sai dai aikawa da dawowa zai ci wata guda, kuma su ma ba su da tabbas a kan wurin da ya goge.

Wata guda. Yaya ta kalli Baba, yadda idonsa ke da haske yau. Wa ya san yadda zai wayi gari gobe, balle wata guda?

"Kunna shi," ta ce.

Injiniya ta yi bisimilla ta jona waya. Faifan ya ɗauki wani siririn kuka, ya fara juyawa. Ta kwantar da kunnenta dab da shi, ta ɗaga musu hannu kada wanda ya taɓa teburin.

A sikirin wasu ƙananan akwatuna suka fara canza launi, ɗaya, sai a daɗe, sannan wani. Ƙas. Shiru. Ƙas. Duk ƙarar sai Yaya ta ji ta a haƙoranta. Minti goma suka yi a haka. Baba ma ya nutsu, ya harɗe hannuwa, irin zaman da yake yi a da in ya tsoma takarda a ruwan wanki yana jiran fuska ta fito.

Injiniya ta ce kan fayil ɗin ya samu, bari ta gwada buɗe abin da ya shigo.

Hoton ya buɗe daga sama. Labulen tagar tsohon falonsu, mai zanen ganye. Ƙasa da shi kan yarinya, an raba mata gashi gida biyu, ɗaya ya kwance. Ga goshi. Ga gira, a ɗage, irin ta wanda aka kira ba zato.

Daga nan zuwa ƙasa, toka. Fili fetal, ba komai.

"Saura kaɗan," in ji Injiniya. "Layi kaɗan ya rage mu kai idon."

Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.

Siririn kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Injiniya ta cire wayar ta mayar. Shiru. Ta sake. Ta kara kunne, ta daɗe, sannan ta ɗago ta zare hannunta daga teburin.

Yaya tana nan durƙushe. Wata takwas ba ta taɓa yarda ta yi kuka a gabansa ba, kullum sai ta fita. Yau kam ba ƙafar fita. Ta runtse idanunta gam, hawaye suka ɓalle ta gefe, hasken sikirin na kan fuskarta.

Ta ji kujera ta motsa.

Ta ji numfashinsa kusa. Sai wasu yatsu masu sanyi suka kama haɓarta, suka ɗan karkata ta zuwa hagu, suka ɗaga ta sama kaɗan, daidai yadda ake yi mata tun tana 'yar shekara uku.

"Rufe-ido?"

Numfashinta ya tsaya.

"Ke ce? Yaushe kika zo? Ji yadda kika girma, har da furfura."

Ta ji Auta ya zube a ƙasa. Ta ji Injiniya na faɗin sunan Allah a hankali, tana maimaitawa.

"Ni ce, Baba," ta ce, ba ta san da wace murya ba. "Ina nan. Ban je ko'ina ba."

Babban yatsansa ya share mata kunci. Yana 'yar dariya.

"Har yanzu ba ki daina ba. To buɗe idon mana in gan ki."

Wata takwas da idon a buɗe yana ce mata Malama.

Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu, ta ƙara runtse su.